Na tsaya a danja an buge ni ta baya, wa ke da laifi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin dokar hanya ku taimaka min.

Adaidaita sahu nake tuƙawa a Kano. Ranar Talata da yamma na iso wata mahaɗa da fasinja uku, fitila ta koma ruwan ɗorawa, sai na taka birki na tsaya. Wata mota ta daki bayana, fitilar baya ta fashe, bodi ya lotse, wata baiwar Allah ta buge goshi a jikin ƙarfe. Alhamdu lillahi ba ta yi jini ba.

Mai motar ya dage wai ruwan ɗorawa na nufin a yi sauri a wuce, ni na tsaya masa ba zato. Ni kuwa abin da na sani, alamar shirin tsayawa ce, kuma na baya shi ke barin tazara.

Yau kwana 5 mashin na ajiye, mai shi yana jiran balas, mai motar kuma ya daina ɗaga wayata. Ina da lambar motarsa da shaida ɗaya. 'Yan sanda zan nufa, ko Hukumar Kiyaye Haɗurra? Ko ta ƙungiyarmu zan fara bi?