"Ba a fafe gora ranar tafiya": gwaggona ce ta jefe ni da ita

Amaryar Bayan Sallah (Garwa): Salamu alaikum jama'a, ku raba ni da wata magana. Bikina saura wata biyu, ni kuwa in ban da shayi da Indomie babu abin da na iya ɗorawa a wuta. Makarantar kwana na yi, daga nan sai jami'ar Ngaundere, can ma a Dang, inda jami'ar take, sayen abinci muke yi. Jiya na roƙi gwaggona ta tsaya a kaina in tuƙa tuwo. Ya fito duk gudaji, ƙasa ya kama, sama ɗanye. Ta leƙa tukunyar ta ce "ba a fafe gora ranar tafiya", ta karkaɗe zanenta ta yi ɗaki. Na ce mata ai ranar tafiyar ba ta zo ba tukuna. Wai rashin kunya na yi mata, har yanzu ba ta amsa gaisuwata. Nufinta na makara ke nan, in haƙura?

Malam Na Domayo (Marwa): Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ke aka yi wa maganar ba, da mahaifiyarki take. Ita ce ba ta fafe gorar ba. Ke dai kin tsaya a inda jifan zai faɗi ne. Je ki ba ta haƙuri.

Uwar Biyu: Malam, a gafarce ni, da ita ake. Budurwa ta kai ashirin da biyar ba ta san talge ba? Mu muna shekara tara aka miƙa mana muciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗan Kusiri: Hajiya, ita ma uwa ake jira ta tanƙwara iccen ai. Kin dawo kan maganar Malam ba ki sani ba.

Mai Shanu: Ni a fahimtata karin maganar ba ta ce gorar ba za ta fafu ba. Za ta fafu sarai. Sai dai ba ta samu kwanakin jiƙo ba, ruwan da ka zuba zai yi ɗaci, kuma haka za ka sha shi a hanya. Wato ango ya shirya cin tuwo mai gudaji na wata uku, shi ke nan.

Amaryar Bayan Sallah: Allah ya kiyaye, wata uku kuma?

Jikar Hajja (Njamena): Ƙanwata, kwantar da hankalinki, bari in ba ki labarin kakata, Allah ya jiƙanta. 'Yar Garwa ce kamar ke, 'yar auta, 'yar gata, a gidansu ko tsintsiya ba a barinta ta ɗauka. Aka aurar da ita ga kakanmu, mai fataucin goro, aka ɗauko ta a bayan babbar mota zuwa nan, lokacin garin yana Fort-Lamy, don sai 1973 aka mayar da shi Njamena. Babu gadar Ngeli a lokacin, a kwale-kwale aka tsallako da ita daga Kusiri, tana kuka tana riƙe da ƙwaryarta.

Ta tarar da uwargida. Daren farko uwargidan ta kama hannunta ta juya tafin, ta ga laushinsa, ta ce "wannan hannun bai taɓa muciya ba." Kakata ta ce ranar ta sallama, ta ɗauka asirinta ya gama tonuwa. Ashe ba haka ba. Kwana bakwai ɗin da amarya ke yi ba ta shiga girki, kullum in gida ya yi barci sai uwargida ta tashe ta su zaga bayan ɗaki, ta hura ɗan murhu. Gari ba abin wasa ba ne a gidan, don haka da dusa ta koya mata. Ta ce mata ruwa ya tafasa tukun, ki dama talge da ruwan sanyi ki zuba, ki bar shi ya dahu har ya daina ƙamshin ɗanyen gari, sannan ki riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan kina tuƙawa, ki danne tukunyar kada ta yi rawa, in ya haɗu ki rage wuta ki rufe ya sulala. Da asuba a juye wa awaki. Kakata takan ce ba a taɓa yin awakin da suka yi ƙiba a mako guda kamar na gidan nan ba.

Ranar da ta karɓi girki, tuwon masakwa ya fito sumul, ta kwashe da mara, malmala kamar an zana. Sai dai duk darare bakwai ɗin nan babu wanda ya tuna da miya. Aka ba ta busasshiyar kuɓewa da kifi salanga, ta taɓa jin ana cewa kanwa ke sa yauƙi, sai ta dumbuza cikin hannu ta watsa. Miya ta yi baƙi ƙirin, in ka lasa har harshe ya yi zafi. Maigida ya cinye tuwonsa gaya, ya turo kwanon miya yadda aka kai shi, bai ce uffan ba.

Ɗan Kusiri: To wannan shi ne macin tuwo na gaskiya, ba a ma jira miya ta ƙare ba aka san shi.

Jikar Hajja: Ban gama ba. Matar nan daga baya ita ce ta riƙa yi wa alhazan ƙasa tuwo, masu bi ta nan su nufi Sudan, tukunya uku take ɗorawa a rana. Har ta tsufa ba ta yarda da wutar da ba ta hayaƙi ba. Da aka hana gawayi a Njamena a 2009 muka kawo mata tukunyar gas, ta ce ita ba za ta yi girki a kan bam ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, in ta ga ɗayanmu tana danna waya maimakon ta shigo madafa, wannan karin maganar taku take jefa mana. Na taɓa ce mata "Hajja, ke fa a ranar tafiyar aka fafe taki." Ta ce "ni na samu kishiya mai tsoron Allah, ke wa ya yi miki alkawari?"

Uwar Biyu: Kin ji ko? Tsohuwar ma tana bayana.

Malam Na Domayo: A'a, tana bayana dai. Ai gidansu ne suka ƙi fafewa.

Direban Sahel: Ku bar yarinya ta sarara. Masu fafe gora ranar tafiya na gaske su ne waɗanda sai an ce babban baƙo zai zo suke tuna ramukan hanyar Ngaundere zuwa Garwa. A zuba jar ƙasa, a shafa wa itatuwa farin fenti, baƙo ya zo ta jirgin sama ma.

Mai Shanu: Wasu kuma tun ban yi kaciya ba suke cewa tuwo ya kusa nuna, har yau talge ake.

Ɗan Kusiri: In zaɓe ya matso ai miya ke zuwa: Maggi goma, sabulu ɗaya, atamfa mai hoton fuska. Tuwon ne dai ba a gani.

Malam Na Domayo: Jama'a, a yi hattara da baki, ba mu ambaci kowa ba.

Gwauron Yagwa: Ni tambayata daban. Karin maganar mata kaɗai ta shafa? Shekarata biyu a nan ni kaɗai, shinkafar SEMRY, kamfanin noman shinkafa na nan Yagwa, a ƙofar gida, amma kullum sai ta caɓe mini. Babu wanda ya taɓa ce mini na makara.

Uwar Biyu: Kai ba ka da gora ma, balle tafiya. Rage ruwa, ka daina buɗe tukunya kowane minti, kuma ka yi aure.

Amaryar Bayan Sallah: Na gode Yaya Jikar Hajja, har na yi hawaye don dariya. Yau da safe na kai wa gwaggo kunun gyaɗa, ta karɓa amma ba ta kalle ni ba. Ta ce gobe miyar folere, wato yakuwa, za mu yi. Don Allah kanwa nawa ake sawa don tsamin ya ragu?

Jikar Hajja: Kada ki tambayi zuriyarmu maganar kanwa.

Direban Sahel: Wai akwai wanda ya san yadda ake sayar da kifin tafkin Lagdo yanzu? Jibi zan bi ta wajen.