Za a raba mana yara safe da yamma, wa ya taɓa gani?

Maman Ikram, Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya an kira mu taron iyaye da malamai a firamaren da yarana suke. Hedimasta ya ce tun da gwamnatin Kano ta ce karatu kyauta ne kuma dole a 2019 yara suke kwararowa, ajujuwa kuwa ba su ƙaru ba. Na leƙa ajin 'yata, aji uku. Benci ɗaya yara biyar, sauran a ƙasa kan buhu, littafi a cinya. Malamar ta ce kiran suna kaɗai yana cinye mata rabin darasin farko. Yanzu sun ce a raba, wasu safe wasu yamma. Don Allah wanda ya san abin ya taimaka min kafin mu koma ranar Asabar.

Malami daga Kurna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara uku na koyar da 'yan yamma. Alherinsa shi ne a lokacin na fara duba littafin kowane yaro, har na gano wasu sun kai aji huɗu ba sa haɗa baƙi, suna ɓoye a baya suna amshi. A takarda malami ɗaya yara 35 aka ce, mu ko bayan rabon muna ninka haka.
Amma yamma ba safe ba ce. Ki kwatanta ƙarfe biyu a watan Afrilu, kwano ba silin, yarinya ta yini tana talla ta zo tana gyangyaɗi. Juma'a kuma ki ɗauka babu karatu. Abin da za ki tambaya: su wa za su koyar da yamman? In malaman safen ne da albashin nan ɗaya, wallahi gajiyayyu za a ba ku.

Baban Khalifa:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ya manta Islamiyya. A unguwarmu a ajujuwan firamaren ake yin ta bayan la'asar, da aka raba sai rigima ta tashi. Ƙarshe mai unguwa ya zaunar da kowa, aka mayar da 'yan yamma Islamiyyar safe a soron wani bawan Allah. Kafin a daidaita sai da ɗana ya yi wata biyu ba hadda.

Inna daga Maraɗi:
Mu nan idan lakwal, wato makarantar boko, ta cika ajin zana ake kafawa. Kun ji abin da ya faru a watan Nuwamba 2021, gobara ta kama irin waɗannan ajujuwa, yara fiye da 20 suka rasu, bayan ta Yamai a watan Afrilu. Allah ya jiƙan su. Ko me za ku yi, kar ku yarda da rumfar wucin gadi. Gara gindin bishiya.

Ɗan kwamiti, Rijiyar Zaki:
Amin Inna. Mu matsalarmu fili ce. Unguwa ta tashi a kan awon igiya, kowa ya yanka ya sayar, ba wanda ya bar wa makaranta ko taku goma. Shi ya sa benayen da aka yi wa firamare zamanin Kwankwaso suka yi amfani, tunda gefe ya ƙare sai sama. Mun yi karo-karo muka gina aji biyu, wani ya ba da bulo, wani kwano. Muka gama, sai ga aji ba malami! Matasanmu masu takardar shaidar malanta ta NCE muka roƙa, muna ba su ɗan na sabulu. Da aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024 muka kai takarda, har yanzu muna bibiya.

Maman 'yan biyu:
Ni dai na cire nawa na kai makarantar kuɗi. Gidan haya ne, ɗakin kwana aka mayar aji, ba filin wasa. Zango biyu kuɗin ya gagare ni, muka dawo.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta tambayar Malam da ta Islamiyya. Zan kuma roƙi a bar 'yan aji ɗaya zuwa uku da safe, manyan su yi yamma. Malam, ku ƙarfe nawa kuke tashin 'yan yamman? Tamu tafiyar da ɗan nisa, kuma sai sun tsallaka titi.