rasdaemon ya daina ajiye kurakurai bayan na mayar da foldarsa wani diski, SELinux ne?

ɗan_Garki:
Assalamu alaikum jama'a. Sabar ce mai Rocky Linux 9 a wani ofis a Garki, rasdaemon ke rubuta mata kurakuran RAM da na PCIe. Da /var ya kusa cika, sai aka kwashe /var/lib/rasdaemon da `mv` zuwa /data/ras, aka bar symlink a tsohon wurin. Tun daga nan journalctl ke nuna rasdaemon ya kasa buɗe kundinsa, ras-mc_event.db. In na yi `setenforce 0` komai lafiya lau, in na mayar da 1 matsalar ta dawo. Ba na so in bar SELinux, tsarin tsaron da ke kayyade abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa, a sassauce. Shin audit2allow, mai rubuta dokar ba da izini ga abin da SELinux ya hana, kawai zan yi?

Mai_Sabar_Wuse:
Wa alaikumus salam Malam. Dakata da audit2allow tukuna, duba abin da aka hana:

`ausearch -m avc -ts recent -c rasdaemon`
`ls -Zd /data /data/ras`

Ka kula da scontext (lakabin SELinux na mai neman izini) da tcontext (lakabin abin da yake son taɓawa). Na farko zai zama rasdaemon_t. Na biyun ne zai tona asiri. Folda irin /data da ka ƙirƙira da kanka a saman tsarin, default_t take samu, in kuma sabon diski ne da ba a taɓa yi masa lakabi ba, za ka ga unlabeled_t. Ƙa'idar da ta zo da tsarin ta ba rasdaemon damar rubutu a rasdaemon_var_lib_t ne, ba a waɗannan ba.

Symlink ɗin ma da laifinsa. Ko da `mv` ya taho da lakabin fayil ɗin daidai, sai rasdaemon ya karanta mahaɗar, sannan ya ratsa ta /data kafin ya kai gare shi, kowane mataki kuma da izininsa. Cire symlink ɗin, ka sake ƙirƙirar foldar /var/lib/rasdaemon, ka sa wannan a /etc/fstab:

`/data/ras /var/lib/rasdaemon none bind 0 0`

Sannan:

`semanage fcontext -a -e /var/lib/rasdaemon /data/ras`
`restorecon -Rv /data/ras /var/lib/rasdaemon`
`mount -a`
`systemctl restart rasdaemon`

Wannan `-e` yana gaya wa SELinux cewa wuraren biyu ɗaya suke. In babu shi, ranar da aka sake yi wa /data lakabi gaba ɗaya, fayil ɗin zai koma default_t, kai kuma ka manta da zancen. In semanage babu, yana cikin policycoreutils-python-utils.

ɗan_Garki:
Na gode Yallaɓai, default_t ne kuwa. To canza lakabin kai tsaye da `chcon` fa? Na ga ya fi sauƙi.

Hajiya_Linux:
chcon maganin yau ne kawai, ɗan'uwa. Ba ya shiga kundin lakabai, don haka restorecon ɗaya ko /.autorelabel zai share shi.

Abin da ya sa aka ce ka guji audit2allow a nan: zai rubuto maka dokar da ta ba rasdaemon_t damar rubutu a default_t. Wato duk wata folda mara takamaiman lakabi a injin ta zama tasa, ga shi da root yake gudu. An toshe ƙaramar ɓaraka an buɗe ƙofar gida. Wurin audit2allow shi ne inda lakabi ya yi daidai amma ƙa'idar ce ta gaza, misali a hana rasdaemon wani abu a tracefs_t, inda yake sauraron kanel. Ko a nan ɗin, `dnf update selinux-policy` tukuna. In ta kama dole, buɗe fayil ɗin .te da audit2allow ya rubuta ka karanta shi layi-layi kafin `semodule -i`.

Gwaji kuma ba sai ka sassauta wa injin duka ba. `semanage permissive -a rasdaemon_t` ya wadatar, ka cire da `-d` in ka gama. In aikin na faɗuwa amma ausearch shiru, dokokin dontaudit, masu hana a rubuta wasu hane-hane, ne ke ɓoye shi: `semodule -DB`, ka sake gwadawa, ka mayar da `semodule -B`, in ba haka ba audit.log zai cika da surutu.

Mai_Sabar_Wuse:
Ƙari kan bayanin Hajiya. Kada `ras-mc-ctl --summary` ya yaudare ka. Daga shel ɗinka kake kiransa a unconfined_t, zai karanta tsohon kundin lafiya ko da rasdaemon bai rubuta komai ba. Tabbatar da `lsof /var/lib/rasdaemon/ras-mc_event.db` cewa yana riƙe da fayil ɗin. Kuma in diskin /data na da nofail a fstab, wato injin ba zai jira shi ba wajen tashi, sa `RequiresMountsFor=/var/lib/rasdaemon` ta `systemctl edit rasdaemon`. In ba haka ba, ranar da aka ɗauke wuta janareta ya makara, rasdaemon na iya tashi kafin diskin, ya buɗe sabon kundi a foldar da ke ƙasa.