Musayar waƙa: Hunturun Jamus da kyandir huɗu

Baƙuwar Dresden:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shirin musayar ɗalibai ne ya kawo ni Jamus, aka sauke ni a gidan wasu Jamusawa. Ga abin da na gani a Disamba. Amsa-amon ƙarshe "wa" ne, mai so ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Mai hunturu, Mai zafin bazara,
Ga ni a Jamus cikin ƙanƙara,
Sanyi ya zo da tsanantawa.

Sai ƙarfe takwas ake ganin rana,
Huɗu na yamma ta tafi ta kwana,
Azahar da La'asar sun matso juna,
Magariba na tafe ba jinkirtawa.

Uwar masaukina ta samo ganye,
Kore shar, ta naɗa shi a zagaye,
Kyandir huɗu a kansa suna tsaye,
Kowace Lahadi ƙarin ɗaya ake kunnawa.

Lahadi huɗu kafin Kirsimeti,
Haske na ƙaruwa sati-sati,
Ga Stollen an yanka a faranti,
Burodin zabibi mai daɗin taunawa.

Daren biyar ga wata yara sun tashi,
Kowa takalminsa ya goge shi,
A bakin ƙofa ya ajiye shi,
Da sunan waliyyi Nikolaus a cika shi da alewa.

Ni ma da na buɗe ƙofar ɗakina,
Na tarar da lemo cikin takalmina,
Da cakulan, an rubuta sunana,
Sai ga hawaye suna zubowa.

Kawu Mai Alƙalami:

'Yata na karanta saƙonki,
Allah shi tsare ki a zamanki,
Amma ina da tambaya gare ki,
Kan kasuwar bikin da ake zuwa.

An ce giya ake dafawa da zafi,
Da kanumfari da kirfa a kofi,
Naman alade kuma shi ya fi,
To me kike ci, me kike kurɓawa?

Baƙuwar Dresden:
Kawu, tambayarka a kan hanya take. Kasuwar garinmu Striezelmarkt ake ce mata, tun 1434 take ci.

Kawu kwantar da hankalinka,
'Yarka na riƙe da tarbiyyarka,
Gaskiya ne abin da aka gaya maka,
Glühwein giya ce, ba na taɓawa.

Akwai na yara, Kinderpunsch sunansa,
Ruwan 'ya'yan itace ne tushensa,
Kofin ma sai ka ba da jinginarsa,
In ka mayar, kuɗinka na dawowa.

Stollen ma akan sa masa barasa,
A jiƙa zabibi kafin a gasa,
Uwar masaukina ta cire masa,
Don ni ta sake hanyar kwaɓawa.

Kawu Mai Alƙalami:

Madalla 'yata, hankalina ya kwanta,
Matar nan ki gaishe ta, ki kyautata mata,
Wadda ta sake girki don baƙuwarta,
Ta cancanci tukuici da girmamawa.

Ɗalibin Hamburg:
Yaya, kin yi sa'ar masauki. Zagayen kyandir ɗin nan ma a garin da nake aka fare shi a 1839. Wani malamin Kirista, Johann Hinrich Wichern, ne ya jera kyandirori a kan ƙafar keken doki, don yaran talakawa da yake reno su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage. Ni kuwa a ɗakin kwanan ɗalibai bikin ya same ni.

Ran 24 da azahar ta wuce,
Kowane kanti an kulle an fice,
Titi ya yi tsit, kowa ya ɓace,
Jirgin ƙasa ya kwashe su garin haihuwa.

Bikinsu na 'yan gida ne zalla,
Ba ya kama da yawon Salla,
Tagogin maƙwabta kawai na kalla,
Bishiyoyi a ciki suna walƙawa.

Mai zuwa baɗi ga shawarata,
Ya yi cefane kafin ranar ta kusanta,
Ranaku biyu na biye da ita,
25 da 26 ba a buɗewa.

Ya nemi abokan zama tun da wuri,
Kar ya ce zan iya, ni mai haƙuri,
Duhun nan da kaɗaici sun fi ɗari,
Ɗari akwai rigar da ke tarewa.

'Yar Wusasa a Bremen:

Ƙanena zancenka ya taɓa ni,
Ni Kirista ce, amma ya dame ni,
A Wusasa maƙwabci kan ziyarce ni,
Shinkafar biki har gidansa ake kaiwa.

A nan babban dare shi ne jajibiri,
Coci ya cika, yara sun yi shiri,
Su nuna haihuwar Almasihu da tsari,
Sai gida, kyaututtuka ake buɗewa.

Cimar daren nan salak ce ta dankali,
Da sosej, ita ce al'adar iyali,
Washegari a gasa dinya a hankali,
Da jan kabeji ake haɗawa.

Ba rowa ce ta sa suka rufe ƙofa ba,
Shekara guda wasu ba su ga juna ba,
Gidan da ya gayyace ka bai raina ka ba,
Ɗan gida ya ɗauke ka, ba tambayawa.

Kar ka yi Silvester, daren sabuwar shekara, kai ɗaya ƙanena,
Ran 31 ɗalibai za su taru ɗakina,
Kazar halal na saya da hannuna,
Hau jirgin Bremen, awa guda kake isowa.

Ɗalibin Hamburg:

Yaya na amsa, Allah ya saka,
Zan zo da zoɓo da garin kuka,
Tsakar dare in an fara harba roka,
A bakin kogin Weser za mu yi tsayuwa.

Muna da wani ɗan Damagaram a sashenmu,
Shi ma shi kaɗai yake a benenmu,
In da wuri ki ƙara shi a lissafinmu,
Garin tuwon ni zan ɗauki nauyin sayowa.