Banki sun yi gwanjon gidan yayana a Texas amma har yanzu suna binsa bashi

Assalamu alaikum jama'a, don Allah mazauna Amurka ko wanda ya san dokar can ku taimaka mana da shawara. Yayana yana Houston, ya sayi gida da bashin banki, aiki ya tsaya masa ya kasa biyan na wata-wata, suka karɓe gidan suka yi gwanjonsa ranar Talatar farkon wata kamar yadda ake yi a Texas. Saura dala 210,000 suke binsa, gidan ya tafi a 165,000, kuma bankin ne da kansa ya saye. Mu mun ɗauka shikenan an rabu tunda gida ya tafi, sai ga takarda daga lauyansu wai ya cike gibin dala 45,000 har da kuɗin ruwa a kai. Wallahi bawan Allahn nan ko barci ba ya yi, ga yara a gidan haya.

Abin da muka gano shi ne a Texas banki na da shekara 2 daga ranar gwanjo su shigar da ƙara, kuma shi yayana yana da damar roƙon kotu ta duba ainihin darajar gidan a kasuwa ranar, don gidajen layinsu sun fi haka tsada nesa ba kusa ba. To shi zai ɗauko mai kimanta gidan ko kotu ce? In kuma suka yafe wani ɓangare, da gaske IRS, hukumar harajin Amurka, za ta lissafa shi cikin kuɗin shigarsa ta ci haraji? Ya nemi sulhu yanzu ne ko ya jira sammaci?