An cire mini allon shago, an ce ba ni da izini: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai Ɗinki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da ya same ni makon jiya nake so in baje muku. Wata huɗu ke nan da buɗe shagona, na yi rajistar sana'a, takarduna cif. Da yake shagon yana ɗan ciki, sai na sa mai walda ya yi mini allo mai ƙafa biyu, muka kafa shi bakin titi da siminti. Ranar Talata da safe na zo na tarar da guntayen ƙarfe biyu a tsaye, an datse allon daga gindi. Da na je ofishin hukumar da ta cire shi na miƙa takardar rajista, jami'in ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ta sana'a ce, ina ta allo? Wallahi ban taɓa sanin allo yana da tasa takardar ba. Wanda ya taɓa shan irin wannan ya ba mu labari, don in san ta inda zan ɓullo.

Mai Rubutun Allo:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Shekara goma sha ina wannan aiki, kuma abin da ya ci ka ba rashin takarda kaɗai ba ne, wurin da ka kafa ne. Filin da ke tsakanin kwalta da ƙofar shagonka yawanci ba naka ba ne, ba na mai gidanka ba ne, na hanya ne. Nan ake bi da bututun ruwa da wayoyi da magudana, nan masu tafiya a ƙasa ke bi. Ko da ka je neman izini tun farko, da wuya su yarda da wannan wurin.

Ni yanzu kafin in yanka ƙarfe sai na tambayi mutum abu uku: faɗin fuskar shagonsa, nisan wurin daga titi, da ko allon zai yi wuta. Wasu har haushi suke ji, wai ina ruwana. Ruwana shi ne in an cire, ni ake fara zagi.

Maman Biyu:
Ni tawa daban ce. Ina koyar da yara darasin yamma a gida, na manna ɗan allo a jikin katanga, bai kai faɗin taga ba, shekara biyu ba wanda ya ce uffan. Da ɗalibai suka ƙaru sai na yi babba mai fitila. Sati uku aka kawo mini takardar gargaɗi. Ashe unguwarmu a taswirar hukuma ta gidajen zama ce zalla, kuma abin da aka yarda da shi a layin kasuwa ba a yarda da shi a nan ba. Ƙarami marar wuta ya halatta, babba mai haske bai halatta ba. Daga baya na ji cewa maƙwabciyata ce ta kai ƙara, hasken yana shiga ɗakin barcinta. Na ji ciwo a lokacin, amma da na tsaya a ƙofarta da dare na kalli abin, na ga tana da gaskiya. Na mayar da tsohon.

Dillalin Gidaje:
Mu namu na wucin gadi ne, "gidan sayarwa" ko "gidan haya". A wurare da dama ƙaramin irin wannan ba ya buƙatar izini, muddin yana cikin harabar gidan kuma an cire shi in ciniki ya faɗa. Inda muke faɗawa shi ne kibiyoyin da muke ɗaurawa a turakun lantarki don nuna hanya. Waɗannan ana ɗaukarsu talla ce a wajen wurin da abin yake, dokarta ta fi tsanani. An taɓa kwashe mini takwas rana ɗaya, kuma lambar wayata ce a jiki, ba sai sun wahala wajen nemana ba.

Tsohon Ma'aikaci:
Na yi aiki a sashen tsara gari kafin in yi ritaya, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɗaya gefen teburin. In takardar neman izini ta zo, farko muna duba yankin da filin ya faɗa: na zama, na kasuwanci, na masana'antu, ko mai gine-ginen tarihi. Sai girman allo, wanda galibi ana ɗaure shi da faɗin fuskar ginin, mai ƙaramin shago ba zai samu rabon mai babba ba. Ana yawan ruɗewa a wajen awo. In haruffa ne ɗai-ɗai aka manna a bango, a kan zana murabba'in da ya kewaye su duka a auna shi, har da sararin da ke tsakani. Allo mai fuska biyu kuwa, wani gari ɗaya yake ƙirgawa, wani biyu, sai ka tambaya.

Abin da ba mu taɓa sassautawa a kai ba shi ne kusurwar mahaɗar hanya. Direban da ke fitowa daga lungu dole ya hangi motar da ke tahowa, duk allon da ya tare masa gani ba roƙon da zai cece shi. Haka fitila ja ko kore mai walƙiya kusa da danja. Babban allo mai tsayi kuma sai da zanen injiniya, domin allo tamkar yadin da iska ke tura jirgin ruwa da shi yake, iska mai ƙarfi gindinsa take ci.

Malam Mai Ɗinki, ka koma ka nemi a rubuta maka sashen dokar da ka karya. Ka tambayi wa'adin karɓo kayanka, don wasu wuraren in ya wuce sai a yi gwanjonsu.

Ɗan Gwagwarmaya:
Baba, da girmanka, amma ni ban yarda duk don tsaro ake yi ba. Na biya kuɗin allo a ofishi ɗaya, aka ba ni rasit. Bayan wata biyu wasu suka zo daga wani ofishin suka ce wancan na haraji ne, su izinin kafawa suke nema. Allo ɗaya, hukuma biyu, kowa da littafin rasit ɗinsa. Kuma manyan kamfanoni allunansu sun rufe sama, ba mai taɓa su.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana, ban musa maka ba. Kuɗin shekara-shekara da izinin kafawa abu biyu ne, kuma laifin hukumomi ne da ba sa bayyana wa mutane tun farko. Amma batun manya, akwai inda aka taɓa su. Birnin São Paulo na Brazil ya yi doka a 2006, ta fara aiki a 2007, aka sauke manyan allunan talla kusan 15,000. Shagon da faɗin fuskarsa bai kai mita 10 ba, allonsa ba zai wuce murabba'in mita ɗaya da rabi ba. Jihar Vermont ta Amurka ma ta hana manyan allunan bakin hanya tun 1968.

Mai Shagon Magani:
Ga wani tarkon da ba a ambata ba. Na sayi shago da tsohon allonsa a sama, babba, an kafa shi tun kafin a sauya doka, shi ya sa aka ƙyale shi. Ni kuma da zumuɗin sabon shiga na sauke shi, na sake firam, na ƙara masa tsayi kaɗan. Shi ke nan, suka ce ya zama sabon allo, sai ya bi sabuwar doka. Da fentin kawai na sabunta, ƙila da yana nan. Na nemi a yi mini sassauci, aka zauna a kai, aka ba ni rabin abin da na roƙa. Sannan ku masu haya, ku karɓi amincewar mai gida a rubuce, fom ɗinmu sai da sa hannunsa aka karɓa, shi kuwa ya yi tafiya, na jira wata guda.

Mai Ɗinki:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na koma yau kamar yadda Baba ya ce. Sun nuna mini sashen, batun filin hanya ne. Na biya tara na karɓo allon, yana jingine a bayan keken ɗinki. Sun ce za su yarda da wanda zai fito daga jikin bango, in ya yi sama da kan masu wucewa, kuma sun ba ni fom. Malam Mai Rubutun Allo, fuskar shagon mita huɗu ce. Za a iya yanke wannan tsohon a mayar da shi na bango, ko sai na yi sabo?