Injin fasa dutse ɗaya zai iya cin tama da ɓaraguzan gini?

Mai Tifa: Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin abin ku taimaka. Muna da ƙaramin wajen fasa dutsen ma'adinai, to injin yakan yi kwana biyu uku a kwance in kaya bai zo ba, ga albashi ga mai, shi ne nake tunanin mu riƙa karɓar ɓaraguzan rusau muna mai da su tsakuwa. Zai yiwu a layi ɗaya?

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam. Oga, rodi ne babban abokin gabarka. Injin muƙamuƙi, wato mai fara fasa manyan duwatsu, zai tauna kankare lafiya lau, amma guntun rodi ɗaya in ya miƙe tsaye sai ya tsarge maka bel ɗin da ke jigilar dutsen daga farko har ƙarshe, na gani da idona, kwana muka yi muna ɗinki. In kuwa ya faɗa injin kon, mai ƙara farfasa dutsen bayan na muƙamuƙi, hasarar ta fi haka. Dole ka rataya mayen ƙarfe a saman bel, ka sa mutum yana tsince katako da roba da hannu tunda maye ba ruwansa da su.

Injiniya: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya fi damuna gauraya ce, kuma ta kowane ɓangare take cuta. Garin siminti yana canza ruwan wankin tama, sinadaran da ka auna su daina aiki yadda ka saba. Sannan in dutsenka yana da farar wuta ko dalma, ragowarsa ta shiga tsakuwar da za a yi gini da ita, wannan hakkin mutane ne wallahi, kankaren na iya tsagewa bayan shekaru, dalma kuma guba ce musamman ga yara. Girman ma ba ɗaya ba, tama sai an niƙe ta ta koma gari, tsakuwa kuwa milimita 10 zuwa 20 ake nema. Ku yi tarayya a sikeli da janareta da loda, amma wajen jibge kaya da rariya kowa da nasa. Tsakuwar rusau tana shan ruwa sosai saboda tsohon simintin da ke manne da ita, ta fi dacewa da cikon titi.

Mai Tifa: Na gode Injiniya, Allah Ya ƙara sani. Ai ban ma lissafa nisa ba, muna can cikin daji, rusau kuma a gari ake yi, kuɗin ɗauko shi kaɗai zai cinye ribar. In an wanke injin tsakanin kaya da kaya fa, ya wadatar?